Tambaya da Amsa: Wace lamba zan duba a jikin jakar barci kafin in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, ina digiri na biyu a Gilasgo, ƙasar Sikotlan. Na shiga ƙungiyar hawan duwatsu ta jami'armu. A watan Mayu za mu taka hanyar West Highland Way da jaka a baya, muna kwana a tanti, a Satumba kuma akwai maganar zuwa tsibirin Skye hawan dutse da igiya. An ce in nemi jakar barci ta yanayi uku. Na shiga kanti na ga wata ta fam 45, wata ta fam 320, duk an ce na yanayi uku ne. Mai arahar an buga mata −15 da manyan lambobi, mai tsadar kuwa −6 kawai. Kaina ya ɗaure. Abin da ke hannuna bai wuce fam 200 ba, ga ni kuma da jin sanyi. Wacce zan ɗauka?

*Ɗalibi, daga Gilasgo*

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu. Koma kantin nan ka juya mai −15 ɗin, ka nemi ƙaramin rubutun da ke jikin kubenta ko a takardar da aka rataya mata. Lambobi uku za ka gani a jere, kuma ina kyautata zaton −15 ita ce ta ƙarshe, wadda bai kamata kowa ya yi ciniki da ita ba.

Ga asalin abin. A da kowane kamfani shi ke yanka wa jakarsa lamba yadda ransa ya so. A farkon shekarun 2000 Turai ta fito da gwaji guda mai suna EN 13537, a 2016 kuma ISO 23537 ya gaje shi. Ana yin gwajin ne da mutum-mutumi mai ɗumi a jiki, cike da na'urorin auna zafi. A sa masa riga da wando na ciki da safa, a kwantar da shi cikin jakar bisa katifa a ɗaki mai sanyi, a auna wutar da yake ci kafin ɗuminsa ya tsaya cak. Daga nan ake fitar da lambobin. Wadda aka rubuta Comfort ita ce sanyin da matashiyar mace mai matsakaicin jiki za ta yi barci a miƙe, hankali kwance. Limit ita ce sanyin da saurayi zai yi awa takwas a dunƙule, gwiwa a ƙirji, bai dai farka ba. Extreme kuwa ita ce inda macen nan za ta yi awa shida tana karkarwa ba ta mutu ba. Ko yatsunta za su tsira, wannan ba a yi alkawari ba. Jakar da Extreme ɗinta ya ke −15, galibi Comfort ɗinta na wajen digiri 5 sama da sifili. Ita kuwa mai tsadar, in −6 ɗinta Limit ne, Comfort ɗinta na kusa da sifili. Ka ga ke nan mai −6 ta fi mai −15 ɗumi da wajen digiri 5, ko da yake rubutun kanti akasin haka ya nuna maka. In ka juya jaka ba ka ga EN ko ISO ko'ina ba, to lambar da ke jikinta maganar mai kaya ce kawai.

Kalmar "yanayi uku" ma talla ce, babu gwajin da ya tsayar mata da iyaka. Nufinsu duk shekara ban da hunturu, wato a inda kake daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Shi ya sa jakar da ke ɗaukar digiri 5 da wadda ke ɗaukar −5 duk suke amsa sunan. Kai dai tambayarka ita ce: wane dare ne mafi sanyi da zan kwana a waje cikin watannin nan?

Hanyar da za ku bi kilomita 154 ce, daga Milngavie zuwa Fort William, kuma ba ta hau sama sosai, wurin da ya fi tsayi a cikinta bai kai mita 600 ba. Amma kada tsayin ya ruɗe ka. A Mayu, daren da sama ta washe babu gajimare, ɗumin ƙasa yakan tsere sama, iska mai sanyi ta gangaro ta taru a kwari, daidai inda mutane ke son kafa tanti saboda ruwa da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A wajen Rannoch Moor, wani buɗaɗɗen fili da hanyar ke ratsawa, kana iya tashi ka tarar da ƙanƙara ta yi fari a kan ciyawa, alhali jiya da rana da riga ɗaya ka yi tafiya. Ƙarshen Satumba ma haka. Saboda haka ni jakar da Comfort ɗinta ke tsakanin sifili da −2 nake ba ka shawara. Kada ka ce ai da mace aka auna Comfort, kai namiji ne. Kai da bakinka ka ce kana jin sanyi, kuma saurayin da aka yi lissafin Limit da shi bai wuni yana ɗauke da kilo 14 cikin yayyafi ba, bai kuma kwanta da rabin ciki ba. Gajiya da yunwa da damshi duk suna rage ɗumin da jiki ke fitarwa, ita kuwa jaka ba ta ƙirƙirar ɗumi, wanda jikinka ya fitar take tsarewa.

In ka leƙa intanet za ka ga jakunkunan Amurka da 20 ko 30 a cikin sunansu. Ma'aunin Faranhait ne wannan. 20 na nufin wajen −7 a Salshiyas, 30 kuma −1, kuma a jakunkunan maza yawanci Limit ɗin ne suke nufi.

Yanzu ga abin da masu kanti ba su cika farawa da shi ba, alhali shi ke hana rabin sababbin shiga barci. Duk abin da ke cikin jakar, iskar da ya riƙe ita ce ke tsare ɗumi. Ɓangaren da ka kwanta a kai kuwa nauyinka ya matse shi, babu iska, babu ɗumi, ƙasa kuma tana zuƙar zafin jiki fiye da yadda iska ke yi. Katifar da ke ƙarƙashinka ce ke wannan aikin. Ita ma tana da lambarta, ana rubuta ta da harafin R, kuma gwajin da na faɗa maka a kan katifa mai kauri ake yin sa, mai R sama da 4. In ka shimfiɗa jakar fam 320 a kan siririyar tabarmar roba mai R 1, kada ka ga laifin jakar. Nemi mai R 3 zuwa 4. Lambobin suna haɗuwa, don haka katifar soso mai naɗewa, wadda ke wajen 2, in ka ɗora mata mai hurawa mai 2, ka samu 4, kuma ko mai hurawar ta fashe da tsakar dare ba ka koma ƙasa tsirara ba. Cikin fam 200 ɗinka, ware wa katifa kasonta tun kafin ka fara cinikin jaka.

Sai babbar gardama, wadda za ka ji 'yan ƙungiyarku na yi har gobe: gashin tsuntsu ko zaren roba?

Gashin da ake nufi ba fuka-fuki ba ne, lallausan nan ne na ƙarƙashi da ke ƙirjin agwagwa da dinya, marar tsinke. Har yau ba a ƙera abin da ya kai shi ɗumi a kan nauyi ɗaya ba. Yana matsuwa ya zama ɗan dunƙule a ƙasan jakar goyo, in an kula da shi kuma yana wuce shekara goma bai gaza ba. Aibinsa ruwa. Ka san yadda kaza ke komawa in ruwan sama ya yi mata duka, to haka cikin jakarka zai koma, ya dunƙule ya manne, kuma a yanayin Sikotlan ba zai bushe a hanya ba. Zaren roba ya fi nauyi, ya fi cin wuri, yana kuma mutuwa da wuri saboda yawan matsewa. Amma ko ya ji damshi yana riƙe wani abu na ɗuminsa, yana saurin bushewa, ga araha. A ɗumi iri ɗaya da muke magana, ta gashi takan zauna wajen kilo 1 ko ƙasa da haka, ta roba kuma kilo ɗaya da rabi zuwa sama.

Da yawa za su ce maka ƙasar ruwa ce, ɗauki ta roba ka huta. Ni ban bi su ba, in dai a tanti za ka riƙa kwana. Jakar barci ba ruwan sama ke jiƙa ta ba, sakaci ne: an cusa ta a jakar goyo ba kariya, ko an kwanta ƙafa na gogar bangon tanti da raɓa ta kama, ko an shiga da jiƙaƙƙen wando. Sa ta a buhu mai hana ruwa wanda ake naɗe bakinsa, ka shimfiɗa babbar leda mai kauri cikin jakar goyon kafin ka zuba kaya, ka bar wa tanti kafar iska da dare, da safe in rana ta leƙo ka baza ta kan dutse kafin ka gama shayi. Wanda zai iya wannan, gashi ya fi masa, domin rabin kilo da ka rage za ka ji shi a kafaɗa kowace rana har Fort William. Inda nake canza magana shi ne Skye. In tsarinku ya haɗa da kwana a saman duwatsun Cuillin ba tanti, cikin kuben nan mai hana ruwa da masu hawa ke shiga da jakarsu, tururin jikinka zai taru a ciki ya sauka kan jakar. A irin wannan dare ta roba ta fi aminci. Tambayi shugabannin tafiyar. In a sansanin Glen Brittle za ku sauka kuna hawa kuna dawowa, babu matsala.

In ka tsaya kan gashi, lambobi biyu za ka duba. Ta farko tana zuwa da haruffan FP, kamar 600 ko 800, tana nuna yadda gashin ke kumbura. Mutane da yawa suna ɗauka 800 ta fi 600 ɗumi, ba haka ba ne kai tsaye. Mai 800 dai da gashi kaɗan take kai ɗumin da mai 600 sai ta sha da yawa, wato kuɗin da ka ƙara sauƙin nauyi ka saya da shi. Ta biyu ita ce nauyin gashin da aka zuba, kuma ita ce ake ɓoyewa a ƙaramin rubutu. Don ɗumin da kake nema, gram 400 zuwa 600 ake magana, gwargwadon kyan gashin. Da kuɗinka, FP 600 zuwa 700 ya wadatar, na agwagwa ma ya yi, ba sai na dinya ba. Akwai wanda aka shafa wa maganin korar ruwa, yana ɗan jure raɓa, amma kada ka ɗauka lema ce. Duba ɗinkin kuma. In an haɗe kyallen waje da na ciki da ɗinki ɗaya, kowane layin ɗinki ƙofar sanyi ce, irin wannan ta tsakiyar rani ce. Wadda kake so ita ce mai ɗakuna a ciki, da ɗan bango tsakanin kyallen biyu. Alamar RDS kuma na nufin an bi ka'idar da ta hana fige tsuntsu da ransa da yi masa ɗure.

Zuwa da kai ya fi aike, don haka kada ka saya ba ka shiga ba. Kantunan kayan hawa na ƙwarai suna barin mutum ya cire takalmi ya kwanta a ƙasa ya gwada, ba abin kunya ba ne. Ɗauki mai siffar da ke tsukewa wajen ƙafa, mai hula. Ja zif har sama, tsuke hular sai hanci da baki, ka juya dama da hagu. In ƙafarka na tokare ƙarshen, gashin wurin zai matse, yatsunka su yi sanyi. In kuma fili ya yi yawa, duk daren aikin ɗumama iskar banza za ka yi. Yawancin masu matsakaicin tsawo suna ɗaukar mutum har wajen santimita 183, wanda ya wuce haka sai doguwa. Bar ɗan wurin da za ka iya shiga da rigar sanyi mai kauri, domin wannan shi ne hanya mafi araha ta ƙara wa jaka ƙarfi. Lalubo kuma ko akwai wuya mai kumburi da ke zagaye kafaɗa, da wani kumburin a bayan zif daga sama har ƙasa. Su ne ke hana ɗumi fita duk lokacin da ka motsa.

Masu hawa da igiya suna son gajeren zif don rage nauyi. Ni dogo na fi so, mai buɗewa ta sama da ta ƙasa, saboda a Yuli za ka so ka fitar da ƙafa ka sha iska, kuma mu muna da fitar sallar asuba, wadda abokan tafiyarka ba su da ita. A ƙarshen Mayu asuba a can tana shigowa tun dare bai yi nisa ba, lokacin da sanyi ke ƙara tsananta. Kwana da rigar sanyinka da hula a cikin jakar don ka same su da ɗumi, ka cika gora mai jure zafi da ruwan zafi, ka murɗa murfin sosai, ka sa ta cikin safa wajen ƙafarka. Da dare ta ɗumama ka, da asuba ruwan alwala bai zama ƙanƙara ba. Goge hannu da ƙafa su bushe kafin ka koma ciki. Kada kuma ka cusa fuska cikin jakar kana numfashi, tururin bakinka ruwa ne.

Batun kuɗi: ta fam 320 ɗin ba taka ba ce bana, kuma ba ka buƙatarta. Kayan kamfanonin Rab da Mountain Equipment masu kyau ne, amma Alpkit da Decathlon suna da na gashi a farashin da ya yi ƙasa da nasu sosai. Ka kuma tambayi ƙungiyarku ko suna da kayan aro, ka gwada kwana ɗaya a kusa da gari kafin ka kashe ko fam ɗaya. Sai ka bar ɗan canji don ragar rufe fuska. Daga ƙarshen Mayu akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo a yammacin Sikotlan da ke zuwa kamar hayaƙi, za ka yi mini addu'a.

Tambaya: Malam barka da aiki. Mu huɗu ne daga Jalingo, muna shirin hawa Chappal Waddi a Disamba. Na ga jakunkunan barci a wajen 'yan gwanjo. Za su yi, ko sai an yi oda daga waje?

*Ma'aikacin banki, daga Jalingo*

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ba sai an yi oda ba. Chappal Waddi mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi tsayi a Najeriya, kuma bisa ƙiyasi kowace mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri shida da rabi. Tsakaninsa da Jalingo ke nan akwai sama da digiri 10, ga iska, ga hunturu. Za ku ji sanyin da bargon gida ba zai tare ba, amma jakar da Comfort ɗinta ke wajen digiri 5, da rigar sanyi da hula da katifar soso, ta ishe ku. Ta roba ta fi dacewa da ku. Ta fi sauƙin wanki, kuma damshin daminarmu ba ya ɓata ta a ajiya kamar yadda yake ɓata gashi.

Sai dai gwanjo na son ido. Yawancin abin da ke shigowa cikin dila, a Ƙofar Wambai ta Kano ne ko Katako ta Jos, masu kusurwa huɗu ne marasa hula, waɗanda aka yi don kwana a falon aboki ko kusa da mota. Ku wuce su, ku tono mai hula. In kun samu, a zazzage ta a shimfiɗa a bar ta ɗan lokaci. Wadda ta taso ta kumbura tana da rai, wadda ta kwanta shafal kamar zani ta gama aiki, ko me aka rubuta a jikinta, domin lambar ta ranar da take sabuwa ce. Ɗaga ta saitin rana, duk inda haske ya ratso, nan sanyi zai ratso. Ja zif sau da yawa, shinshina ko akwai warin fumfuna. In ka yi sa'a ka faɗa kan ta gashi mai kyau, kada ka ba mai wanki da guga, kada ka kai ta wajen masu wankin sinadari, kada omo ya taɓa ta. Sabulu marar ƙarfi da ruwa mai ɗumi, a matse a hankali ba murɗawa, a shanya a kwance ana warware dunƙulen da hannu har ta bushe ƙarƙaf, ko da zai ɗauki kwanaki. Bayan kun dawo kuma kada a bar ta a matse cikin ƙaramin kubenta. A zuba ta sake-sake cikin babban buhun yadi, a ajiye inda ɓera ba ya kai.

Tambaya: Salam Malam. Ina da jakar gashi da na saya lokacin da nake karatu a Jamus, Comfort ɗinta −1. Ina so in hau Kilimanjaro ta hanyar Machame. Za ta kai ni?

*Likita, daga Abuja*

Amsa: Wa alaikis salam, Likita. Jakarki mai kyau ce, amma ita kaɗai ba zan sake ki da ita ba. Daren farko da na biyu za ta yi. Matsalar tana sama. Sansanin Barafu, inda ake kwantawa kafin a tashi tsakar dare a nufi ƙololuwa mai mita 5,895, ya haura mita 4,600, kuma dare a can yana sauka ƙasa da sifili sosai. Ke kin fi ni sanin abin da ƙarancin iskar shaƙa ke yi wa jiki: abinci ba ya shiga, barci ba ya nauyi, hannu da ƙafa su ne farkon yin sanyi. Kamfanonin da ke kai mutane yawanci jakar da ke ɗaukar −10 ko fiye suke nema.

Hanya biyu ce. Ko ki yi hayar mai kauri a Moshi ko Arusha, garuruwan Tanzaniya da ake tashi daga cikinsu zuwa dutsen, inda wannan sana'a ce, ki tafi da zanen cikinki na siliki ko ulu don tsafta, ki kuma buɗe jakar ki duba ta tun a gari. Nauyi ba damuwarki ba ne a nan, 'yan dako ke ɗaukar babbar jaka. Ko kuma ki tafi da taki, ki ƙara mata zanen ciki mai kauri, ki kwana da rigar gashin da za ki hau ƙololuwa da ita, da safa busasshiya da ba a yi tafiya da ita ba, da gorar ruwan zafi, ki kuma tabbatar katifar da za su ba ki ba fallen soso ɗaya ba ce. Kada dai ki gaskata digirin da ake rubutawa a kwalin zanen ciki, kaɗan yake ƙarawa. In ke mai jin sanyi ce, yi hayar, ki bar taki a gida don tafiyar Mambila.